Tsintar Dami a Kala a Bakin Bature: Kalmomin Dace na Ingilishi da Abin da Kowacce Ke Ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa zama da jaridar Turanci yana mayar da ita Hausa ya san wata 'yar matsala da ke yawan tare masa hanya. Marubuci zai kira wani abu fluke, a sakin layi na gaba ya ce windfall, can ƙasa ya kawo serendipity, mai fassara kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lafta musu "sa'a". Jimla ta fita sumul, ba wanda zai ce an yi kuskure. Amma an yi asara. Baturen da ya zaɓi fluke kushe yake yi a fakaice, wanda ya zaɓi serendipity yabo yake yi, shi kuwa mai cewa windfall sau da yawa share fage yake yi don a zo a yagi wani kaso daga hannun wanda ya samu. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan hukunci ce a kan tambaya guda: alherin da ya faɗo ba shiri, wa za a jinjina wa a kansa? Mutumin da ya samu, ko Mahaliccinsa, ko kuwa ba kowa?

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce serendipity, kuma tana cikin kalmomi ƙalilan da aka san ranar haihuwarsu. Ranar 28 ga Janairun 1754, Horace Walpole, ɗan Robert Walpole wanda ake lissafawa a matsayin firaministan Birtaniya na farko, ya rubuta wasiƙa ga abokinsa Horace Mann da ke wakiltar ƙasarsu a birnin Florence na Italiya. Yana ba shi labarin wani bayani da ya ci karo da shi cikin wani tsohon littafi, sai ya ce irin wannan tsintuwa yana da sunan da ya raɗa mata, ya kuma ce ya ciro sunan ne daga wata tatsuniya ta 'ya'yan sarkin Serendip su uku.

Serendip ɗin nan ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun littattafan Larabci. Shi ne Sarandib, tsohon sunan da Larabawa da Farisawa ke kiran tsibirin Siri Lanka da shi, inda wasu ruwayoyin tarihi suka ce Annabi Adamu, Alaihis Salam, ya sauka, inda kuma Ibn Baɗɗuɗa ya hau dutsen da ake dangantawa da sawunsa a 1344. Tatsuniyar ta shiga Turai ta wani littafi da aka buga a Venice a 1557, tushenta kuma yana komawa ga waƙar Amir Khusrau ta Farisanci a farkon ƙarni na 14.

Ga yadda take. 'Ya'yan sarki uku suna tafiya, sai suka haɗu da mutumin da raƙuminsa ya ɓata. Suka tambaye shi: raƙumin naka mai ido ɗaya ne? Yana da giɓi? Yana ɗingishi? Yana ɗauke da man shanu a gefe guda, zuma a ɗaya gefen? Ya ce ƙwarai kuwa, ina yake? Suka ce ai ba mu gan shi ba. Mutumin ya ce ƙarya ne, ku kuka sace shi, ya kai su gaban sarki. A nan suka warware zare da abawa. Ciyawar gefe ɗaya kawai aka ci, alhali ta ɗaya gefen ta fi kyau, don haka ido ɗaya ne. An bar guntayen ciyawar da aka tauna a hanya daidai faɗin haƙori. Sawu uku sun fito sarai, na huɗu ja aka yi. Tururuwa ta taru a gefen da man shanu ya ɗiga, ƙudaje suka taru a gefen zuma.

Almajirin da ya karanta tarihin Larabawa zai ce ai ya san wannan labari da wasu sunaye. Haka ne. Ana ba da kusan irinsa game da 'ya'yan Nizar ɗan Ma'addu, wato Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, a kan hanyarsu ta zuwa Najran neman a raba musu gado. Su ma sun siffanta raƙumin da ba su gani ba, har suka ce ba shi da wutsiya saboda kashinsa a tare yake wuri guda bai warwatsu ba. Labari ne da ya daɗe yana yawo tsakanin mutanen da ke rayuwa da bin sawu.

Walpole ya ɗan rikita labarin a wasiƙarsa, ya ce alfadari maimakon raƙumi. Amma ma'anar da ya ba kalmar a fili take. Ya ce 'ya'yan sarkin kullum suna gano abubuwan da ba su fita nema ba, ta hanyar abu biyu: accidents da sagacity. Wato haɗuwa ba zato, da kuma kaifin basira. A nan ne zuciyar maganar take. Dubi tatsuniyar da kyau za ka ga sa'ar da ke cikinta kaɗan ce. Mutum ɗari za su iya bin wannan hanya, su taka wannan ciyawa, su kore waɗannan ƙudaje, ba wanda zai ga raƙumi a ciki. Abin da yaran suka nuna shi ne abin da malamai ke kira firasa. Hanya ce ta zo musu bisa katari, karatun hanyar kuwa nasu ne.

Kalmar ta yi dogon barci. Sai a 1833 aka buga wasiƙun Walpole ga Mann, bayan nan ma masu farautar tsofaffin littattafai ne kawai ke ɗan taɓa ta. A ƙarni na 20 masana kimiyya suka ɗauke ta, masanin zamantakewa Robert Merton na Amurka ya yi ta amfani da ita, daga nan ta bazu. Yau za ka gan ta a allon gidan shayi da shagon kayan ƙawa, kuma a bakin yawancin masu magana ta koma nufin kowace irin haɗuwa mai daɗi. Rabin basira ya zube a hanya, an bar rabin sa'a. A ganina wannan rashi ne, domin Ingilishi yana da kalmomi barkatai na sa'a zalla, amma wannan ɗaya ce tak da ke ɗauke da sa'a da idon gane ta a haɗe.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne na Alexander Fleming, kuma ya cancanci a tsaya a kansa saboda yadda ake gurgunta shi. A farkon Satumbar 1928 ya dawo daga hutu zuwa ɗakin bincikensa a asibitin St Mary's da ke Landan, ya tarar fumfuna ta kama ɗaya daga cikin farantan da ya shuka ƙwayoyin cuta a kai, kuma kewayen fumfunar ƙwayoyin sun mutu. Masu ba da labari kan tsaya a nan, kamar sakaci ne ya haifi penisilin. Ba su faɗin cewa faranti mai fumfuna abu ne da masu bincike ke gani a kai a kai, su zubar su wanke. Fleming ya yi aikin likita a yaƙin duniya na ɗaya, ya ga yadda raunukan sojoji ke ruɓewa, ya shafe shekaru yana neman abin da zai kashe ƙwayar cuta ba tare da cutar da jiki ba. Shi ya sa da ya ga fili fayau a kewayen fumfuna, ya san abin da yake kallo. Kuma ko bayan nan maganin bai isa ga majiyyata ba sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka yi wahalar tace shi daga 1939 zuwa farkon shekarun 1940. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 1945. Louis Pasteur na Faransa ya riga ya faɗi abin a wata lacca a Lille a 1854, inda ya ce a fagen lura, sa'a ba ta zuwa sai ga hankalin da ya shirya.

William Perkin yana da shekara 18 a 1856 lokacin da yake ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwal. Abin da ya samu baƙin dagwalo ne a gindin kwalba. Garin wankewa ya ga ruwan ya koma shunayya, ya tsoma siliki a ciki, launi ya kama. Daga nan masana'antar rini na sinadari ta tashi, har Jamusawa suka fitar da shuni na kanti a 1897, wanda ya karya kasuwar baba a Indiya, daga baya kuma ya iso har marinar ƙasar Hausa. George de Mestral na Suwizalan kuwa ya dawo daga daji a 1941 ya ga wata irin ƙaya mai kama da ƙarangiya ta manne a wandonsa da gashin karensa. Dukkanmu mun taɓa zama muna cire ƙarangiya daga ƙafar wando muna tsaki. Shi sai ya sa ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi, ya je ya ƙera manne-ɓare ɗin nan da ke jikin takalman yara, mai suna Velcro.

Wani masanin sinadarai, Royston Roberts, ya kawo wani bambanci mai amfani a 1989. Ya ce akwai wanda ya samu abin da bai nema ba sam, kamar Perkin da ya fita neman magani ya dawo da rini. Akwai kuma wanda ya samu ainihin abin da yake nema, amma ta hanyar da bai zata ba, kamar Charles Goodyear da ya yi shekaru yana neman yadda roba za ta daina narkewa da zafi, har cakuɗin roba da farar wuta ya taɓa murhu mai zafi a 1839. Wannan na biyun ya kira shi pseudoserendipity. Bahaushe ya riga ya raba su. Na biyun shi ne "abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki". Na farkon ya fi kusa da tsintar dami a kala, kuma ina ganin duk cikin maganganunmu ita ta fi dacewa da kalmar Walpole, domin mai kala ba a kwance yake a gida ba. Ya fita gona, kansa a duƙe, yana tsintar zangarniya ɗaya-ɗaya, sai ga dami. Da bai fita kala ba, da wani ne ya tsinta.

Muna da namu misalin a gida. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙasa. Bai fasa shi ya wuce ba, ya kai labari ga hukuma. Da masana suka tono shi, ya zama kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, mai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ruwa ya fita nema. In Bature zai rubuta wannan labari, zai ce he stumbled upon it, ya yi tuntuɓe da shi, kuma za a iya kiran abin serendipity saboda mutumin ya gane cewa abin da ya taɓa ba saiwar itace ba ce kawai.

Yanzu ga kishiyarta a wajen rabon yabo, fluke. An fara rubuta ta da wannan ma'ana a tsakiyar ƙarni na 19 a bakin masu wasan biliyad, ɗan'uwan sinuka: ka auna rami ɗaya, ka kuskure, ƙwallo ta yi ta bugun gefe ta faɗa wani ramin daban. Maki ya shiga, amma kowa a ɗakin ya san ba haka ka nufa ba. Don haka idan aka ce nasarar mutum fluke ce, ana nufin ba zai iya maimaitawa ba. Fassararta ta gaskiya ba "sa'a" ba ce kawai, sai dai "katari ya yi, ba iyawa ba". Kalma ce ta rage wa mutum tsawo, kuma shi ya sa aka fi jin ta a bakin wanda aka kayar. Lokacin da Leicester City ta ci gasar Firimiya a 2016, bayan 'yan caca sun sa mata 5,000 a kan 1, wato wanda ya zuba fam 1 cewa za ta ci gasar zai karɓi fam 5,000, gardamar da aka yi ta yi a Ingila a kan wannan kalma ce. Masu kare ƙungiyar suka ce wasa 38, maki 81, an ci su sau uku kacal, sun ba Arsenal tazarar maki 10, it was no fluke. Ana iya yin katari a wasa ɗaya, ba a yin sa wata tara a jere. Kusa da ita akwai dumb luck da beginner's luck, sa'ar da ba hankali a cikinta da sa'ar sabon shiga, duk dangin kushe ne.

Windfall ita ce wadda ta fi shafar aljihu, kuma asalinta abu ne da kowane yaron da ya tashi kusa da lambu ya sani. Iska ta kaɗa da daddare, da safe ka fito ka tarar mangwaro zube a ƙasa. Ba ka hau ba, ba ka yi jifa ba. Tun ƙarni na 15 Turawan Ingila ke kiran ɗan itace ko reshen da iska ta kayar da wannan suna, a ƙarni na 16 kuma ta koma nufin dukiyar da ta zo ba zato, kamar gadon wani dangi na nesa. Mu za mu ce banza ta faɗi, ko tsuntsu daga sama gasasshe, ko garaɓasa.

Abin lura shi ne yadda 'yan siyasa suka mayar da ita makami. Da zarar an kira ribar kamfani windfall, an riga an ce ba guminsa ba ne, iska ce ta kaɗo, saboda haka jama'a na da haƙƙi a ciki. Amurka ta kafa harajin da ke ɗauke da wannan suna a kan ribar ɗanyen mai a 1980. Gwamnatin Leba ta Birtaniya ta ɗora shi a 1997 a kan kamfanonin ruwa da lantarki da makamantansu da aka sayar wa 'yan kasuwa, ta tara kimanin fam biliyan 5. A 2022, da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta shiga Yukiren, aka sake ɗora irinsa a kan kamfanonin mai da gas. A kowane karo kamfanonin kan yi faɗa da sunan tun kafin su yi faɗa da adadin, suna cewa ribarsu sakamakon jarin da suka zuba ne a shekarun da kasuwa ta faɗi. Sun san in suka yarda da kalmar, sun yarda da harajin.

'Yan Najeriya sun san ta ta ƙofa biyu. Rarar kuɗin man da aka samu bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait a Agustan 1990, jaridu har yau Gulf War windfall suke kiranta, kuma kwamitin Pius Okigbo na 1994 ya yi magana a kan dala biliyan 12.4 da suka bi ta wasu asusu na musamman tsakanin 1988 da 1994. Sai kuma 2024, lokacin da majalisar dokoki ta amince da harajin kashi 70 cikin ɗari a kan ribar da bankuna suka samu daga canjin kuɗin waje bayan faɗuwar darajar naira. Mai fassarar da ya ce "harajin sa'a" bai isar da komai ba. "Harajin garaɓasa" ko "harajin ribar da ta faɗo daga sama" ya fi kusa, don yana ɗauke da zargin da ke cikin ta Turancin.

Duk waɗannan ba su ambaci Allah ba, kuma wannan babban bambanci ne tsakaninsu da bakin Bahaushe, wanda ko sa'a ya ce, a ransa rabo yake nufi, abin da Allah Ya tsaga. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma Ingilishi ma yana da nasa kalmomin da suka fito daga coci. Manna from heaven daga labarin Banu Isra'ila ne a jeji, abin da muka sani da Manna da Salwa a Suratul Baƙara. Godsend kuwa, aiken Allah, abu ne da ya zo daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsa, kamar ruwan sama bayan shuka ta fara yaushi. Ba yawa ne ma'auninsa ba, lokaci ne. Naira dubu biyar a ranar da yaro ke kwance ba kuɗin magani godsend ce, ba windfall ba. Tarihin kalmar yana da wani ɓangare mai sosa rai: a tsibiran Orkney da Shetland na arewacin Sikotland, a farkon ƙarni na 19, haka talakawan gaɓar teku ke kiran tarkacen jirgin ruwan da ya fashe, igiyar ruwa ta turo musu katako da kaya. Mutuwar wani tashin wani. Yau Baturen da bai yarda da addini ba ma yana cewa godsend ba tare da ya ji nauyin rabin farko na kalmar ba, kamar yadda ake jin wasu suna rantsuwa da baki kawai.

Blessing in disguise, alherin da ya ɓad da kama, ya bambanta da sauran domin shi da sharri yake farawa. An kore ka daga aiki, ka kama sana'a, ta fi aikin albarka. An same shi a rubuce tun tsakiyar ƙarni na 18 a waƙoƙin addini na Ingila. A nan Hausa ba ta da gibi ko kaɗan: wani hani ga Allah baiwa ne, ko kuma "gaba ta kai ni, gobarar Titi". Musulmi kuma zai tuna ayar da ke cewa mai yiwuwa ku ƙi abu alhali shi ne alheri gare ku. Sai dai magana ce da ta fi daɗin faɗi bayan an ga ƙarshe. A Yulin 1945, Winston Churchill ya faɗi zaɓe warwas makonni kaɗan bayan an ci Jamus da yaƙi. Matarsa Clementine ta ce masa wataƙila alheri ne da ya ɓad da kama. Ya amsa mata cewa a halin yanzu dai ya ɓad da kamar sosai. Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan lallashi tun ciwo na ɗanye ya san abin da yake ji.

Akwai wani tarko na musamman ga mai jin Turancin Najeriya, wato happy accident. A kunnenmu accident haɗarin mota ne, jini da asibiti, don haka haɗa shi da farin ciki kamar rashin imani ne. Amma asalin kalmar a Latin "abin da ya faɗo" kawai take nufi, mai kyau ko marar kyau. Chance ma daga wannan saiwa ta faɗuwa ta fito, faɗuwar 'ya'yan caca a kan tebur. Haka windfall, haka fall into one's lap, abin da ya faɗo maka a cinya kana zaune, haka fall on one's feet, ka faɗo ka dira da ƙafafu kamar kyanwa. Abin sha'awa ne yadda harsunan biyu, ba tare da sun yi shawara ba, suka ga sa'a a matsayin abu mai faɗowa. Fassarar happy accident da ta fi zama daram ita ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Mai zane Bob Ross, wanda ya yi shirin koyar da zane a talabijin ɗin Amurka daga 1983 zuwa 1994, shi ya ƙara yaɗa ta, don yakan gaya wa masu kallo cewa a zane ba a yin kuskure, sai dai irin wannan faɗuwa. In fenti ya ɗiga inda ba a so, sai ya mayar da ɗigon bishiya.

Ita kanta happy da can "mai sa'a" take nufi. Ta fito daga tsohuwar kalma hap, wadda Ingilishi ya aro daga mutanen arewacin Turai, kuma ita ce a cikin happen da perhaps da mishap da happenstance. Larabci ma haka ya haɗa sa'ad da sa'ada a saiwa ɗaya. Fortuitous kuwa asalinta "bisa katari" ne kawai, ko alheri ko akasinsa, amma kamanninta da fortunate ya ja ta zuwa ɓangaren alheri, malaman nahawu suka yi ta ƙorafi har suka gaji.

Ragowar yawancinsu Amurka ce ta haife su, daga ramin haƙar ma'adinai da teburin karta. Ranar 24 ga Janairun 1848 James Marshall yana gina injin yanka katako a Kalifoniya ya ga zinariya a magudanar ruwa, daga wannan zamani aka samu strike gold da strike it rich da hit pay dirt, wato ka kai ga ƙasar da za ta biya wahalar haƙa. Bonanza kalmar Sifaniyanci ce ta matuƙan jirgin ruwa mai nufin lafawar teku, mahaƙa suka mayar da ita sunan jijiyar azurfa mai kauri, ita ce kuma ta iso mana a tallan kamfanonin waya. Jackpot daga karta take, tulin kuɗin da ba a buɗe shi sai wani ya riƙe kati biyu na irin da ake kira jack, ko abin da ya fi. Bambancinsu a bayyane yake: mai pay dirt ya haƙa, mai jackpot ya zuba kuɗi ya jira.

Mafi ƙuruciya a dangin ta fito ne daga Ostareliya, kuma ita ce ta fi nuna yadda gardamar ke da wuyar yankewa. A gasar Olamfik ta hunturu a Salt Lake City a Fabrairun 2002, Steven Bradbury ya shiga zagayen ƙarshe na tseren zamiya a kan ƙanƙara na mita 1,000. Su biyar ne, shi ne na baya, da tazara mai yawa. A kwanar ƙarshe huɗun da ke gabansa suka yi karo suka zube gaba ɗaya, ya ratsa ta gefensu ya ɗauki zinare, na farko da Ostareliya ta taɓa samu a wasannin hunturu. Daga ranar mutanen ƙasar suka fara cewa do a Bradbury, wato ka ci nasara don duk na gabanka sun faɗi.

Kallon farko, fluke ce tsagwaronta. Amma a zagayen kusa da na ƙarshe ma faɗuwar wasu ce ta ba shi hanya, kuma shi da kocinsa sun san ba zai iya gudun waɗannan samari ba, don haka da gangan ya tsaya a baya yana jiran ko za a sake karo. Kafin nan ya ci tagulla a tseren ƙungiya a 1994. A shekarar ce kuma kaifin takalmin wani ɗan tsere ya tsarge masa cinya, aka yi masa ɗinki 111. A 2000 ya karye a wuya wajen atisaye, ya warke ya dawo. Da 'yan jarida suka tambaye shi bayan tseren, bai musa cewa ba shi ne mafi gudu ba. Ya ce ba zai karɓi lambar don minti ɗaya da rabin da aka yi ana tsere ba, zai karɓe ta ne don shekara goma na wahalar da ya sha. A 2016 aka shigar da maganar cikin babban ƙamus na Ingilishin Ostareliya, kuma har yau wasu na faɗinta don zolaya, wasu don jinjina.